Wace Lamba ce Ƙarshen Gudu? Bin Diddigin Sunayen Fanka a Kwandere

Duk wanda ya san Kwandere a watannin Maris da Afrilu ya san fanka ba kayan ado ba ce. Garin na Gwandara yana gefen Lafiya, inda filin jirgin saman dakon kaya yake, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Fabrairun 2022. Zafin wannan yanki ba irin busasshen zafin Katsina ba ne, da gumi yake zuwa kafin saukar damina. A manyan masallatai da ajujuwa da ɗakunan taro kuwa rufi yana da tsawo, fanka tana can sama inda sai da tsani ake kai mata. Abin da ya rage a hannun jama'a shi ne ɗan akwatin da ke jikin bango, da kuma sunayen da suke kiran abubuwa da su. Ni a ganina rabin wahalar daga sunayen take.

Ita kanta kalmar fanka baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gari. Asalinta pankha ce a harshen Hindi, daga pankh, wato fiffike. A Indiya ta zamanin mulkin Ingila, pankha wani faffaɗan ƙyalle ne ko tabarma da ake ratayewa a rufin ɗaki, a ɗaura masa igiya, a ajiye bara a waje yana ja yana saki yini guda. Turawan mulki suka ɗauki kalmar, kuma wasu daga cikin waɗanda suka zo Arewa sun fara aiki ne a can. Shi kansa Lugard a Madras aka haife shi a 1858. Da ta shigo bakin Bahaushe sai harafin farko ya koma f, kamar yadda ya faru da famfo da fenti da fasinja. Ita kuwa mai aiki da lantarki sai a shekarun 1880 ta bayyana a Amurka, lokacin da Philip Diehl ya ɗauki irin injin keken ɗinki ya sa masa fuka-fukai ya rataye a rufi. Yau idan mai gyara ya ce fiffiken fanka ya lanƙwashe, ya mayar da kalmar gidan ubanta ne bai sani ba.

Muna da namu tun kafin nan: mafici na kaba, da aikatau fifita. Amma ba wanda ya kira na'urar mafici. Mafici yana hannunka, kai ke da ikon saurinsa. Fankar rufi kuwa tun farko abar da wani ke ja daga nesa ce. Tambayar yadda za a rage mata gudu tsohuwa ce, da can amsarta ita ce a daka wa mai igiya tsawa.

Sauran kalmomin daga murhu muka aro su. Lantarki wuta ce, don haka ana kunna fanka ana kashe ta, ana kawo wuta ana ɗaukewa. Mai kawowar kuma har gobe Nepa ce, ko da yake hukumar da aka kafa a 1972 ta sauya suna a 2005, aka sayar da ɓangaren rarrabawa a 2013, jihar Nasarawa ta faɗa rabon kamfanin rarraba wuta na Abuja.

Inda magana take shi ne ɗan akwatin nan. Masu wayarin suna ce masa regileta, gama-garin mutane kuma makunni, ko kawai su ce lamba. Makunni ba daidai ba ne, domin makunni biyu kawai ya sani, a kunne ko a kashe. Regileta kuwa suna ɗaya ne da ya lulluɓe abubuwa uku da ba su haɗa hanya ba. Akwai tsohon yayi, ƙaton akwati mai tsaga-tsaga a jiki. Wannan tare wutar yake yi ya mai da wani ɓangarenta zafi, shi ya sa idan ka dafa shi bayan awa guda za ka ji ɗumi, bangon da ke samansa kuma ya yi baƙi. Mai irinsa yana rage gudu amma bai rage kuɗin wuta yadda yake zato ba. Akwai na biyu, ƙarami, mai yin ƙas-ƙas idan ana murɗa shi. A cikinsa ƙananan kafasita ne, ba ya zafi, ba ya sa fanka gurnani. Na uku shi ne mai murɗuwa sumul babu tsayawa, wanda yake daddatsa wutar sau da yawa a cikin daƙiƙa, kuma shi ne ke sa fanka ƙugi idan an rage ta. Yana da ɗan'uwa da aka yi domin rage hasken ƙwan lantarki, kamanninsu ɗaya, a shago ma wani lokaci a kwali ɗaya suke. Wanda ya ce a ba shi regileta bai ƙara komai ba, duk wanda hannun mai shago ya fara taɓawa shi zai samu, kuma na ƙwan fitila yana iya gasa koyil ɗin fanka, wato naɗin wayar injinta, a hankali.

Sai rikicin lamba. A wasu akwatunan lamba 1 ce mafi sanyin gudu, 5 ce ƙarshe. A wasu kuma, musamman tsofaffi, da ka murɗa daga kashe zuwa 1 fanka za ta tashi da dukkan ƙarfinta, 5 ce rarrafe. Akwai hikima a wannan, domin inji ya fi son ya tashi da cikakkiyar wuta sannan a sassauta masa. Amma dubi abin da ke faruwa a sahun gaba na masallaci. Dattijo mai fama da sanyin ƙashi ya waiwaya ya ce wa yaro, "Kai, ɗan nan, rage mana lamba." Yaro ya ce, "To, Baba," ya mai da ita daga 3 zuwa 1. Fanka ta ɗauki gudu, shafukan littafin da ke gaban malam suka fara tashi. Yaron ya yi abin da aka ce, dattijon kuma ya faɗi abin da bai nufa ba. A bangon kuwa akwatuna shida ne ko takwas a jere, ba rubutu, ba wanda ya san wanne ne na wace fanka sai ladan. Da za mu riƙa cewa rage gudu ko ƙara gudu, a bar lamba ga mai murɗawa, da an huta.

Akwai kuma kalmar da na fi jin haushi: darek. Regileta ya lalace, mai gyara ya cire shi ya haɗa wayoyin biyu, ya naɗe da baƙin salatif, ya ce an haɗa ta darek kafin a sayo wani. Wannan kafin ɗin yakan shekara. Daga ranar fankar ba ta san komai ba sai ƙarshen gudu, ko da asubahin hunturu ne, don haka sai a riƙa kashe ta gaba ɗaya. Kalmar tana da daɗin ji kamar an yi gyara, alhali an cire abu ne.

Idan kuma fanka ta yi sanyi, laifin nan take kan Nepa yake: wuta ba ƙarfi. Sau da yawa gaskiya ne, ko da yake tashar wuta mai ƙarfin kilobolt 330 da aka buɗe a Akurba a 2022 ta haɗa Lafiya da babban layin ƙasa. Ya kamata wutar gida ta kai bolt 230, idan ta faɗi ƙasa sosai kowace fanka sai ta yi lis. To amma idan fanka ɗaya ce ke rarrafe sauran suna gudu, ba ruwan Nepa. Alamar da kowa ya sani ita ce a kunna ta ta tsaya tana ƙugi, sai an kawo doguwar gora an tura fiffike sannan ta ɗauka. Wannan aikin kafasita ne, wadda tsofaffin masu gyara ke kira kondensa, wata 'yar aba kamar batir da ke ɓoye cikin kofin da ke saman injin, galibi da 2.5 rubuce a jikinta. Injin yana da naɗin waya biyu, ita ce ke sa wutar ɗaya ta ɗan riga ta ɗayan, daga nan juyi ke samuwa. Idan ta gaji, gudu ya ragu, kuma ko regileta goma aka canza a ƙasa ba abin da zai ƙaru. Tana cikin mafi arhar kayan fanka, amma da yake tana sama kuma mutane ba su san sunanta ba, sai a bar fankar tana ƙugi har koyil ya ƙone, a koma maganar sabon naɗi.

Yanzu ga masu rimot sun shigo kasuwa, wasunsu ba sa cin rabin wutar tsofaffin da ke shan wajen wat 75, abin da ya sa masu sola ke son su. Su ba a haɗa su da regileta ko kaɗan, wuta cikakkiya suke so, gudun kuma daga rimot. A ɗakin mutum ɗaya sun yi. A masallaci ko aji kuwa rimot ɓata yake yi, don haka na fi amincewa da akwatin bango.

Kira na ga kwamitocin masallatai da shugabannin makarantu na Kwandere da kewaye shi ne, kafin zafin bana ya kankama a ɗauko tsani sau ɗaya, a kashe wuta daga babban makunni, a duba kafasitar kowace fanka. A sayi regileta mai ƙas-ƙas, a faɗa wa mai shago na fanka ake so, a kuma rubuta a jikin kowane akwati sahun da yake yi wa aiki da ɓangaren da gudu yake.