Kwana 12 na Tsakiyar Hunturu a Ƙasar Girka

A ƙasashen Turai da dama, yara kan wayi gari ranar 25 ga Disamba su tarar da kyauta tana jiransu. Yaran Girka kuwa, bisa al'adar kakanninsu, sai sun ƙara haƙurin mako guda. Mai kawo musu kyautar shi ne Ayos Basilis, wato Waliyyi Basil, kuma ranarsa ita ce 1 ga Janairu.

Basil mutum ne da tarihi ya sani. Shi ne bishop na birnin Kaisariya a yankin Kafadokiya, garin da yau ake kira Kayseri a tsakiyar Turkiyya, kuma a lissafin coci ya rasu ranar 1 ga Janairun shekarar 379. Ya yi suna da ilimi da gudun duniya. A bayan gari ya gina wata babbar unguwa mai masaukin baƙi da wurin jinyar marasa lafiya da kutare. A zanen majami'u dogo ne siriri mai baƙin gemu, wanda azumi ya ramar. Wanda ke tsaye a ƙofar kantunan Atina yau kuwa wani ƙaton tsoho ne mai jar riga da farin gemu, wanda tallace-tallacen Amurka suka yaɗa a duniya. Girkawa sun karɓi rigar da tumbin, suka liƙa masa sunan nasu waliyyin.

Sunansa kuma aka sa wa basilofita, gurasar sabuwar shekara da ake ɓoye tsabar kuɗi ɗaya a cikinta. Labarin da ake bayarwa shi ne, wani azzalumin mai mulki ya ɗora wa mutanen Kaisariya haraji mai nauyi, suka tara zobba da sarƙoƙi suka kai wa bishop. Da Allah ya kawar da barazanar, sai Basil ya rasa yadda zai gane kayan kowa. Ya sa aka gasa gurasa, aka cusa kayan a ciki aka raba, kowa ya tsinci nasa. Har yau maigida ne ke yanka ta, kuma da tsari: yankin farko na Almasihu, na biyu na Maryamu, sai na Basil, na gida, na matalauci, sannan mutanen gida daga babba zuwa ƙarami. Wanda kuɗin ya faɗo a rabonsa shi ne mai sa'ar shekara. Ma'aikatu da ƙungiyoyi da kulob ɗin ƙwallo ma kan yanka tasu, wasu sai cikin Fabrairu.

Bikin dai kwana 12 ne cur, daga Kirsimeti zuwa 6 ga Janairu, bayan azumin kwana 40 da masu riƙo da addini ke farawa ranar 15 ga Nuwamba. A ƙauyukan da, waɗannan kwanaki na tsoro ne. An yi imani da wasu ƙananan aljanu baƙaƙe masu gashi, kalikanzaroi, waɗanda ke shafe shekara a ƙarƙashin ƙasa suna goga zarto a jikin bishiyar da ke tallafe da duniya. Saura ƙiris ta faɗi sai Kirsimeti ya zo, su watsar da aikin su hau doron ƙasa. Ta bututun hayaƙi suke shiga gida, su kashe wuta, su tsinka madara, su ɓata abinci. Maganinsu shi ne a bar ƙaton gungume yana ci a murhu dare da rana. Wasu kan ajiye rariya a bakin ƙofa, don an ce aljanin wawa ne: zai zauna ƙirga ƙofofinta har gari ya waye. Kafin su koma ƙasa, bishiyar ta warke sarai.

Coci ta daɗe tana faɗa da ragowar bukukuwan hunturu na zamanin gumaka. A shekarar 692, taron manyan limamai a Kustantiniyya ya haramta bikin farkon Janairu na Romawa, ya hana maza sa kayan mata, ya hana rufe fuska da kiran sunan gunki Diyonisos. Dokar ba ta ci ba. A garin Kastoriya, daga 6 zuwa 8 ga Janairu, har gobe mutane na ɓad da kama su cika titi da kiɗa da rawa. A ƙauyuka takwas na yankin Kozani ana wasan Momoeriya, wanda Girkawan gaɓar Baƙin Teku suka taho da shi lokacin musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya a 1923, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016.

Yara ma suna da nasu rabon. A jajibirin Kirsimeti, da na sabuwar shekara, da ranar 5 ga Janairu, sukan bi gida gida da sassafe da wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku suna kaɗawa. Su fara tambayar matar gida ko su rera, ta ce su rera, su yi waƙar da Girkawa ke kira kalanda, a sallame su. Duk wanda ya san tashe a watan azumi ya san yadda abin yake. Da can 'ya'yan itace da kayan zaƙi ake ba su, irin su melomakarona mai jiƙe da zuma da kurabiye mai lulluɓe da garin sukari. Yanzu kuɗi suke so. Mai zane Nikiforos Litras ya zana irin waɗannan yara a 1872, da ganga da sarewa.

Bishiyar Kirsimeti baƙuwa ce. Bayan Girka ta ƙwace kanta daga Daular Usmaniyya, manyan ƙasashen Turai suka naɗa mata sarki, wani matashin yarima ɗan Bavariya mai suna Otto, wanda ya sauka a Nafiliyo a 1833. Fadarsa ce ta kawo al'adar Jamusawa ta ƙawata bishiya, kuma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta shiga gidajen talakawa sosai. Mutanen tsibirai suna da nasu: ɗan jirgin ruwa na katako da yara ke ɗauka wajen yawon waƙa, a gidajen da mazansu ke shafe watanni a teku. Daga shekarun 1970 aka fara kiran a koma wa jirgi, wai shi ne na gado. Gaskiyar magana, makiyayin tsaunukan arewa bai taɓa sanin wannan jirgi ba, gadon mutanen bakin ruwa ne. Birane da yawa sun raba gardama, suna kafa duka biyun a dandali, kuma a tsibirin Kiyos unguwanni na gasar ƙera manyan samfuran jirage a jajibirin sabuwar shekara.

A daren nan ana buga karta har asuba don gwada sa'a. Da safe a fasa rumman a bakin ƙofa, a zaɓi mai farin jini ya fara shiga gida da ƙafar dama.

Ranar 6 ga Janairu ake rufe biki, ranar tunawa da baftismar Almasihu a kogin Urdun. Limamin coci kan jefa gicciye a teku ko kogi, samari su tsunduma cikin ruwan sanyi suna rige-rigen ɗauko shi. Babban taron a tashar jiragen ruwa ta Firayus ake yinsa. A waɗannan ranaku ne liman ke zaga gidaje yana yayyafa ruwan albarka da reshen ɗoɗɗoya, abin da aka ce yana korar aljanun zuwa raminsu.

Sai dai ba kowa ke gamawa ranar ba. Gwamnatin Girka ta sauya kalanda a 1923, coci ta bi a 1924, amma sufayen Dutsen Atos suka tsaya kan tsohon lissafi mai jinkirin kwana 13. Washegarin ranar da aka tsamo gicciye a Firayus, 7 ga Janairu, ita ce ranar Kirsimetinsu.