Saniyar da likitoci ke tatsa: tarihin sinadari mai lamba 43

Jama'a, in aka ce hoton asibiti, yawancinmu radiyo muka sani, sai eko na mata masu ciki, sai sikana wadda ake kwantar da mutum a tura shi cikin zobe. Akwai wani hoton kuma da ba kowa ya san shi ba, wanda masu Faransanci ke kira sintigarafi. A Yamai, cibiyar IRI ta Jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen wannan aiki. Shi ba daga waje ake haska mutum ba. Allura ake yi maka ta wani ruwa mai fitar da hasken da ido ba ya gani, ruwan ya bi jini ya je ya taru a ƙashi, ko ƙoda, ko zuciya, ko inda maƙoƙo ke fitowa a wuya, sannan na'ura ta ɗauki hasken da ke fita daga jikinka. Radiyo siffar ƙashi take nunawa, wannan kuwa yana nuna yadda gaɓar ke aiki, shi ya sa sau da yawa yakan gano kansar da ta shiga ƙashi tun radiyo ba ta ga komai ba.

Abin da ke cikin allurar, a wajen kashi 80 cikin 100 na irin wannan bincike a duniya, sinadari ne mai suna teknesiyom. Waɗanda suka gano shi ba likitoci ba ne, kuma ba magani suke nema ba.

Tun da Mendeleev ɗan Rasha ya jera sinadaran duniya cikin jadawali a 1869 aka ga akwai gurbi a kusa da molibden, gurbin da daga baya aka ba lamba 43. Masana sun yi ta tonon duwatsu suna nema, wasu har suka yi shelar sun samu, aka bincika aka ga ba shi ba ne. Dalili mai sauƙi ne: sinadarin ba ya zama, rushewa yake, wanda aka halicci duniya da shi ya ƙare tun tuni.

A 1936 wani malamin kimiyya ɗan Italiya, Emilio Segrè, ya kai ziyara Berkeley a Amurka, inda Ernest Lawrence ya ƙera na'urar siklotiron. Aikinta ta juya ƙananan ƙwayoyi cikin da'ira da ƙarfin maganaɗisu har su yi gudu matuƙa, sannan a sake su su daki ƙarfe, don a ga abin da ke cikin zuciyar ƙwayar zarra. Farkon 1937 Lawrence ya aika wa Segrè wani ɗan fallen molibden da aka cire daga jikin na'urar, wanda ya sha duka wata da watanni. Ta gidan waya ya aika shi, abin da a wurinsa kusan tarkace ne. A Palermo, Segrè da abokin aikinsa Carlo Perrier suka narka fallen, suka yi ta ware abubuwan da ke ciki, har suka tabbatar akwai wani abu mai fitar da haske wanda ba ya cikin sinadaran da aka sani. Lamba 43 ke nan, sinadari na farko da aka fara samu ta hanyar na'ura. A 1947 suka raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin abin da hannu ya ƙera.

Shekarar 1938 Segrè ya koma Berkeley da niyyar ƴan watanni. Yana can gwamnatin Mussolini ta fitar da dokar korar Yahudawa daga jami'o'i, shi kuwa Bayahude ne, sai aikinsa na Palermo ya tafi, ya zauna Amurka. A wannan zaman ne shi da Glenn Seaborg suka gano nau'in da ake kira teknesiyom 99m. Shi ne na asibiti. Kowace awa 6 rabinsa ke ƙarewa, in aka kwana aka wuni saura kashi 1 cikin 16, kuma hasken da yake fitarwa yana da ƙarfin ratsa jiki ya fito ba tare da ya yi ɓarna mai yawa ba. Ga majinyaci wannan alheri ne. Ga mai kai kaya kuwa masifa ce, don yaya za ka sayar da abin da ke ƙarewa a hanya? Haka ya zauna shekara 20 ba mai amfani da shi.

Dabarar ta fito ne daga cibiyar Brookhaven a 1958, hannun Walter Tucker da Margaret Greene. Akwai molibden 99, wanda in ya rushe teknesiyom 99m yake zama, shi kuma sai awa 66 rabinsa ke ƙarewa. To, sai a aika uwar, ta haifi ɗan a can asibiti. Ana liƙa molibden ɗin cikin wani ɗan bututu, a rufe shi cikin garu na darma, kowace safiya ma'aikaci ya bi da ruwan gishiri ta ciki ya wanko teknesiyom da ya taru da dare. Ma'aikatan da kansu suka sa wa akwatin suna saniya, aikin kuma tatsa. Wanda ya taɓa kiwo ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sai dai saniyar ba ta daɗewa: bayan mako guda abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 5 ba, dole a kawo sabuwa. A daidai shekarun nan Hal Anger, can Berkeley dai, ya ƙera kyamarar da ke kama hasken, da wani dutse mai kama da gilashi wanda ke walƙiya in hasken ya dake shi, irin wanda masu gwajin nukiliya ke amfani da shi a ɗakunansu.

Yanzu ga inda zancen ya shafe mu. Molibden 99 daga uraniyom ake samun mafi yawansa. Ana sa uraniyom 235 cikin tukunyar nukiliya ta bincike na ƴan kwanaki, ya tsage, wajen kashi 6 cikin 100 na tsagewar su ba da molibden 99. Ƙarfen nan dai da aka gano a Azelik a 1957, wanda SOMAIR ta fara fitarwa daga Arlit a 1971. Amma abin da ke barin ƙasarmu garin rawaya ne, kuma a uraniyom na ƙasa nau'in 235 bai wuce kashi 0,7 cikin 100 ba. Tacewa, tukunya, warewa, duk a waje ake yi, kuma can ribar take.

Tukwanen da ke ciyar da duniya ba su da yawa, kuma yawancinsu tsofaffi ne: Petten a Holan, BR2 a Beljiyam, SAFARI-1 a Afirka ta Kudu, da ƴan kaɗan. A watan Mayu 2009 tukunyar Chalk River ta Kanada ta fara yoyo aka kashe ta, a 2010 ta Petten ma ta tsaya gyara, asibitocin Turai da Amurka suka yi ta ɗage wa majinyata rana. In masu kuɗi sun shiga layi, ku ƙiyasta inda ƙasa irin tamu ke tsayawa, wadda saniyarta sai ta hau jirgi, ta sauka, ta wuce duwan, tana ragewa kowace awa. Shi ya sa a ganina, in ana maganar uraniyom, bai kamata mu tsaya kan kuɗin kilo kawai ba, a riƙa tambayar yara nawa muka tura su koyi wannan fanni, da kuma me ke hana mutumin Damagaram ko Tawa samun hoton sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita.

Wanda ke cewa wannan ba aikin Afirka ba ne, ya dubi SAFARI-1. Tana Pelindaba kusa da Pretoria, tana aiki tun 1965, kuma lokacin ƙarancin 2009 tana cikin waɗanda suka ƙara aiki don asibitocin wasu nahiyoyi su samu abin tatsa.