Asalin "a" da "an" a Ingilishi

Kalmomin "a" da "an" tushensu ɗaya ne, kuma "an" ce ta riga zuwa. A tsohon Ingilishi, wanda ake yi a Ingila kafin Normawa su ci ƙasar a 1066, akwai kalmar "ān" mai dogon wasali, wadda ke nufin ɗaya a ƙidaya. A wancan zamani suna yakan tsaya shi kaɗai. In mai ba da labari yana son ya ce "wani mutum", sau da yawa "sum" yake sawa, wadda ta zama "some" ta yau.

Daga wajen ƙarni na 12 kalmar ta rabu gida biyu. Inda ake danna ta wajen ƙidaya, ta rikiɗe sannu a hankali ta zama "one". Inda kuma ake faɗinta da sauri a gaban suna, wasalinta ya gajarce, daga baya "n" ɗin ta riƙa faɗuwa a gaban baƙi, tana tsayawa a gaban wasali.

Nan ne sifa ta shigo cikin zancen. Ingilishi yana sa sifa a gaban suna, saboda haka sautin farkon sifar ne ke yanke hukunci. Ana cewa "an egg", amma da zarar ƙwan ya zama babba sai a ce "a big egg". Haka "a man" yake komawa "an old man". Kunne ne alƙali a nan. "Honest" daga Faransanci ta zo, ba a furta "h" ɗinta, shi ya sa ake cewa "an honest man". Ita kuwa "useful" da sautin "y" take farawa, don haka "a useful book".

Sauyin ya ɗauki ƙarnuka kafin ya zauna. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James, ta 1611, tana sa "an" a gaban "hundred" da "house", har yau ma wasu kan rubuta "an historic".

Da yake yawancin mutanen wancan lokaci da kunne suka san harshensu, sukan kasa gane inda "n" take. Ta haka "a napron", zanen da ake ɗaurawa wajen girki, ya koma "an apron", maciji "nadder" ya zama "adder", alƙalin wasa "noumpere" ya zama "umpire". Wasu kalmomin kuma riba suka ci: "an ekename", wato ƙarin suna, ya zama "a nickname", "an ewt" ya zama "a newt".

A da "my" da "mine" ma wannan ƙa'ida suke bi, "mine" a gaban wasali, "my" a gaban baƙi. Daga baya "my" ta mamaye wuraren biyu, ƙa'idar ta rage a kan "a" da "an".