Malamin da Ke Zana Zarto a Allo

A 1982 aka fara aiki da tsarin karatu na 6-3-3-4 a Najeriya, lokacin mulkin Alhaji Shehu Shagari, wanda shi kansa tsohon malamin makaranta ne, kuma garinsu na kan hanyar nan da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal zuwa Jega. Manufar tsarin tana da kyau. Yaro ya yi shekara uku a ƙaramar sakandare yana taɓa aikin katako da ƙarfe da wayar lantarki, ta yadda ko karatu bai yi nisa ba zai fita da sana'a a hannu.

Gwamnati ta yi odar injuna daga ƙasashen gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari. Sai dai kayan sun riga ɗakunan da za a girka su isowa, sun riga wutar da za ta juya su, sun kuma riga malaman. A makarantu da dama a faɗin ƙasar nan akwatunan sun shekara da shekaru ba a buɗe ba, har tsatsa da gara da ɓarayi suka raba su. To, injin da ke son wuta mai ƙarfi, me zai yi a makarantar ƙauye ta wajen Kuchi ko Jabo?

An yi ƙoƙarin samar da malaman. An tura wasu Amurka koyon koyar da sana'a, aka kuma buɗe Kwalejin Ilimi ta Fasaha ta Tarayya a Gusau, wadda a lokacin tana cikin Jihar Sakkwato. Amma tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira da ta albashi. Malamin tarihi ba shi da inda zai kai tarihinsa ya sayar. Wanda ya iya walda ko haɗa wuta kuwa, kasuwa na kiransa kullum, kuma da yawa sun amsa.

Wanda ya zauna, aikinsa ya koma abin da ba shi aka koya masa ba. Darasin turanci alli da littafi sun ishe shi, amma na kafinta yana cin katako da ƙusa kowane zango, na walda yana cin ƙarfe da man janareta. In babu kuɗin waɗannan, sai malam ya zana zarto a allo, yara su kwafa, su haddace sunayen sassansa don jarrabawa. A aji kuwa akwai ɗan maƙeri da ya fi malam sabawa da guduma, domin a ƙasar Tambuwal da Kebbe, kamar sauran ƙasar Hausa, ƙira da jima da gini a gida ake gadonsu tun kafin zuwan boko. Ni a ganina wannan ya fi ƙarancin albashi ciwo.

Ga kuma maganar matsayi. Da yawa daga masu koyar da sana'a babbar difloma ta HND suke da ita, wadda aikin gwamnati ya daɗe yana ajiyewa ƙasa da digiri. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin kawar da bambancin a 2021, Shugaba Buhari ya sauka bai sa hannu ba.

Sunaye dai sun yi ta canzawa. A Sakkwato Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE ranar 30 ga Satumba, 1999. A 2011 aka shigar da darussan sana'a 34 cikin manhajar babbar sakandare, aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya. Aminu Waziri Tambuwal, ɗan garin, ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi bayan ya zama gwamna a 2015. Sanannun kwalejojin fasaha na jihar kuwa, Farfaru da Runjin Sambo da Binji da Bafarawa, duk suna cikin birni ne ko arewa ko gabas da shi. Yaron Kebbe da ke son ɗayansu sai ya yi doguwar tafiya a mota, ko kuwa ya tsaya wajen mai walda na bakin tasha.