Fatsa a Kwatano: yadda ake zaɓen sanda, muline da zare, da yadda ake kare su daga gishiri

Daga Avotrou, ta gefen Akpakpa, mutum ba ya yin nisa bai tarar da ruwa ba. Arewa tafkin Nokoué ne, kudu Tekun Atlantika, a tsakiyar gari kuma ga mashigin da Faransawa suka haƙa a 1885 ya haɗa su biyun. Shi ya sa matasan Zongo da na Akpakpa da yawa, waɗanda iyayensu fatake ne ko mahauta, suka fara ɗaukar sanda ranar Lahadi suna zuwa bakin ruwa.

Su ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Bikin kamun kifi na Argungu a jihar Kebbi, wanda aka faro a 1934, UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Amma homa da gora na Matan Fada daban, sanda mai muline a bakin teku daban. Muline na farko da na saya makonsa uku ya cije, hannunsa ya ƙi juyawa, domin ban san ana wanke shi ba. Wannan bayani na wanda ke shirin sayen kayan fatsa ne, da wanda ya saya yake son su daɗe.

A fara da sanin ruwan

Ruwan Nokoué yana canzawa da lokaci. Idan ambaliyar kogunan Ouémé da Sô ta iso wajen Satumba zuwa Nuwamba, tafkin yakan zama ruwan daɗi, kainuwar da ake kira jacinthe d'eau ta rufe wurare da dama. Da rani ya shiga, ruwan teku ya turo ta mashigi, tafkin ya yi gishiri. Saboda haka ko wanda bai taɓa jefa ƙugiya a teku ba, ya ɗauka cewa kayansa na ruwan gishiri ne.

A tafki da mashigi ana samun karfasa, wadda masu kasuwa ke kira carpe, da tarwaɗa, da machoiron mai ƙaya, da mulet. A teku akwai bar, carangue da barracuda. Wanda ya zo daga Malanville ko Gaya ya lura: kifin da ake kira capitaine a kogin Kwara giwan ruwa ne, amma capitaine na bakin teku wani kifi ne dabam.

Sanda

Mai saye zai ji ana ce mata canne. Iri biyu suka fi yawa a kasuwa. Ta fibre de verre tana da nauyi, amma tana jure wahala kuma ta fi araha. Ta carbone ba ta da nauyi, tana isar da ɗan motsin kifi zuwa hannu, sai dai bugu ɗaya a kan dutse yana iya tsaga ta a ciki, ta karye daga baya lokacin jifa. Ga mai koyo, ko gidan da yara za su riƙa taɓawa, ta farkon ta fi.

A jikin sanda, sama da mariƙi, ana rubuta tsawonta da nauyin da za ta iya jefawa:

- Karfasa a gefen tafki: sanda marar muline, mita 3 zuwa 5, ta isa. Gora mai kyau ma tana yi.
- Mashigi da tafki, ko daga cikin kwalekwale: mita 2.10 zuwa 2.70, mai jefa giram 10 zuwa 40.
- Bakin teku, kamar Fidjrossè da Route des Pêches: mita 3.90 zuwa 4.50, mai jefa giram 100 zuwa 200, domin a tsallake inda igiyar ruwa ke karyewa.

Kada a ɗora wa sanda dalmar da ta wuce abin da aka rubuta. Sandar da ke shigewa cikin juna, wato télescopique, ta fi sauƙin ɗauka a kan zemidjan, amma yashi yana shiga gaɓoɓinta. Mai gaɓa biyu ko uku da ake haɗawa ta fi ƙarko.

Kafin a biya kuɗi, a haɗa sandar a hango ta daga gindi, a ga ko zobban sun yi layi ɗaya. A duba cikin kowane zobe ko ya tsage. A girgiza ta a hankali. In an ji ƙas-ƙas a gaɓa, a ajiye ta.

Muline

Shi ne moulinet, injin da ke naɗe zare. Wanda ya dace da yawancin mutane shi ne mai kwarkwaro a tsaye, wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda. Lambar girmansa takan bambanta kaɗan tsakanin kamfanoni, amma 2500 zuwa 4000 ya isa tafki da mashigi, 6000 zuwa 8000 kuma na bakin teku ne. Idan an ga 5.2:1, ma'anarsa duk juyi ɗaya na hannu, kan muline yana zagaya kwarkwaro sau biyar da ɗan ɗori.

Kada yawan boris da aka rubuta a kwali ya ruɗi mai saye. Guda huɗu da ba sa tsatsa sun fi goma sha biyu na ƙarfen banza. Sunaye irin su Shimano da Daiwa na Japan, Penn na Amurka da Mitchell da ya samo asali a Faransa sanannu ne, don haka ne ma ake yin jabunsu. Araha ba ta ado: in farashin ya yi ƙasa fiye da hankali, a yi shakka.

A gwada abu huɗu a gaban mai shago. A juya hannu a ji ko yana tafiya sumul ba gurzawa. A juya shi baya, a ga ko yana tsayawa nan take. A buɗe lanƙwasasshen ƙarfen da ke kama zare, a ga ko yana komawa da kansa. Sannan a sassauta birki, wato frein, a juya kwarkwaro da hannu. Birki mai kyau yana saki a hankali, ba ya fizga. Na hannu da ake samu a kasuwa wani lokaci ya fi sabo mai araha, muddin ya ci wannan gwaji kuma babu farin gari na cin gishiri a jikinsa.

Birki shi ke hana babban kifi tsinke zare. Ana ɗaure shi a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. In zaren na kilo 6 ne, birki ya fara saki a kilo 1.5 zuwa 2. Gwajin gida mai sauƙi ne: a ɗaura zaren a robar ruwa cikakkiya ta lita ɗaya da rabi, a ɗaga ta kai tsaye daga muline ba ta cikin sanda ba, a daidaita har zaren ya soma fita kaɗan-kaɗan.

Zare, ƙugiya da dalma

Zaren nailan ya fi dacewa da mai koyo. Yana miƙewa, yana yafe kuskure, kuma ya fi jure gogayya da dutse. A shago ana faɗin kaurinsa da centièmes: 30 centièmes shi ne milimita 0.30. Na tafki 25 zuwa 30, na teku 35 zuwa 40. Mai jifa da dalma mai nauyi ya ƙara wa bakin zarensa kamar mita 8 zuwa 10 na mai kauri, 60 centièmes, domin ya ɗauki ƙarfin jifa. In ba haka ba zaren yana tsinkewa, dalma ta tashi kamar harsashi cikin mutane.

Saƙaƙƙen zare, wato tresse, ya fi siriri da ƙarfi, yana kai jifa nesa. Amma ɓawon kawa da ke manne a duwatsu da ƙafafun gada yana yanke shi nan da nan, shi ma yana yanka yatsa. Kada a naɗe shi a hannu don cire ƙugiyar da ta maƙale. A naɗe shi a guntun ice a ja. Barracuda kuwa haƙoransa suna datse kowane irin zare, sai an sa masa 'yar wayar ƙarfe a gaba.

A cika kwarkwaro har ya rage kamar milimita 2 zuwa baki. In ya gaza, jifa ba ya nisa. In ya wuce, zaren ya zubo ya cukurkuɗe.

Lambar ƙugiya tana tafiya a juye: lamba 10 ta fi lamba 4 ƙanƙanta. Daga lamba 1 sai a koma 1/0, 2/0, 3/0, waɗanda ke ƙara girma. Karfasa mai ƙaramin baki tana son 8 zuwa 12, tarwaɗa da machoiron 4 zuwa 1/0, kifin teku 1/0 zuwa 4/0. Tana da jatan lande su ne abincin ƙugiya da ya fi aiki a tafki, yankan sardin kuma a teku. A yashin teku dalma mai kusurwa ko mai farata ce ke zama wuri ɗaya, zagayayya ruwa yana mirgina ta. Dalma guba ce: kada a matse ta da haƙori, kada a bar ta inda yara ke wasa.

Ƙulli ɗaya ya isa farawa, shi ne Palomar. A ninka zare, a zura ninkin ta idon ƙugiya, a yi ƙulli na yau da kullum ba tare da an ja ba, a zura ƙugiyar gaba ɗaya ta cikin madaukin, a jiƙa da miyau, sannan a ja. Ƙullin da aka ja a bushe yana ƙona zaren ya raunana shi.

Bayan kowace fita

Gishiri yana jawo laima, kuma iskar Kwatano ba ta rabuwa da laima, don haka tsatsa tana ci ko kayan suna cikin ɗaki. Minti goma bayan dawowa sun wadatar:

1. A ɗaure birki sosai, domin ruwa kada ya shiga cikinsa.
2. A zuba wa muline ruwan famfo a hankali da kofi. Kada a tsoma shi a bokiti, kada a fesa masa ruwa mai ƙarfi, domin hakan yana tura gishiri da yashi ciki.
3. A wanke sanda, musamman gindin zobba da mazaunin muline. Mai shigewa cikin juna a cire murfin gindinta a wanke kowace gaɓa.
4. A goge da tsumma, a shanya a inuwa.
5. In ya bushe, a sassauta birki gaba ɗaya kafin a ajiye.
6. Ƙugiyoyin da aka yi aiki da su a wanke su, a bar su su bushe. Jiƙaƙƙiya ɗaya tana sa duk akwatin ya yi tsatsa.

Duk wata a ɗiga ɗigon mai marar kauri, irin na keken ɗinki, a ɗan gangaren da zare ke bi da kuma mariƙin hannu. Sau ɗaya a shekara a buɗe a sa wa haƙoran ciki giris. Wanda zai kwance da kansa ya ɗauki hoton kowane mataki da waya. Kada a wanke muline da fetur ɗin kpayo, yana cin roba. Kada a sa masa manja ko man gyaɗa, suna daskarewa su kama ƙura, balle lokacin hunturu.

A riƙa zura auduga cikin zobba. Inda ta maƙale akwai tsaga, kuma wannan tsagar ce ke cin zare. A shafa ɗan kakin kyandir a gaɓar haɗi don kada ta cije. Nailan rana tana kashe shi, don haka a yanke mita biyu ko uku na gaba in ya yi kaushi, a sauya shi duka shekara-shekara. Ƙugiya a gwada ta a farce: in ta zame ba ta kama ba, a wasa ta ko a sauya. Sanda a ajiye ta a tsaye ko a kwance a kan ƙusoshi, kada a jingina ta a lanƙwashe, kada a bar ta ƙarƙashin kwano mai zafi. Guntun bututun roba na masu aikin famfo yana kare ta a cunkoson hanya.

Rai da doka

Sandar carbone tana ɗaukar wutar lantarki. A duba sama kafin a ɗaga ta, kuma da an ji tsawa a manyan ruwan Afrilu zuwa Yuli, a kwantar da ita a bar bakin ruwa. Tekun Kwatano yana da ja mai ƙarfi, kada a shiga don ceto ƙugiya. Duwatsun da aka jera a gaɓar Akpakpa don tare zaizayar ƙasa suna da santsi, igiya kuma tana hawa kansu ba sallama. Teku yana cikowa sau biyu a rana, lokacin yana ja baya da kusan minti 50 kullum, saboda haka dutsen da ya bushe da safe yana iya nutsewa kafin azahar. Mai shiga kwalekwale ya sa rigar ceto. Ƙayar machoiron tana da zafi ƙwarai, a riƙe shi da tsumma, a cire ƙugiya da filaya.

Dokar da ke tafiyar da kamun kifi a Benin ita ce mai lamba 2014-19 ta 7 ga Agusta 2014. Ta haramta kamun kifi da guba ko abin fashewa, da wasu nau'o'in taru. Mai son fita da jirgi ko shirya gasa ya fara tuntuɓar Direction de la Production Halieutique, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar noma, kiwo da kamun kifi.

Akwai kuma dokar zaman tare. Rassan da ake gani a kafe cikin Nokoué, wato acadja, da tarun da ke shimfiɗe, wani ne ya kashe kuɗinsa a kansu. Ga Tofinu na Ganvié da maƙwabtansu tafkin nan shi ne gona. Wanda ya zo shaƙatawa ya yi gaisuwa, ya tambayi inda zai jefa, ya nisanci kayan mutane. Ƙananan kifi a mayar da su ruwa, tsinkakken zare kuma a sa shi a aljihu a tafi da shi gida, domin yana shaƙe tsuntsaye yana kuma naɗe farfelar injin jirgi.