Bakolori: Dam ɗin da Fari Ya Haifa

Farin da ya afka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970 ya ƙarar da garkunan shanu, ya bar rumbuna wayam a ƙasar Sakkwato. Gwamnatin soja, wadda kuɗin man fetur suka cika wa aljihu a lokacin, ta ga maganin abin shi ne a tare ruwan damina a ajiye shi don noman rani. A 1974 kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya fara datse Gulbin Sakkwato a Bakolori, aka kammala a 1978. Tafkin ya mamaye kimanin hekta 8,000, aka kuma yi niyyar shayar da gonaki hekta 23,000 a ɓangaren Talata Mafara da Bakura.

Sai dai ƙasar tana da masu ita. Ruwa ya cinye gonaki da gidajen mutanen Maradun, wasu manoman kuma aka hana su shuka har sai injiniyoyi sun gama daidaita filaye. Diyya ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aiki, sai a ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa na Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Mutanen yankin da masu bincike sun ce ɗaruruwa ne.

Ɓarnar da ba a cika ambata ba ta faru ne a ƙasa da dam ɗin. Can manomin fadama ya dogara ne da cikar gulbi kowace shekara: ruwa ya malala ya shayar da shinkafa, ya janye ya bar danshin albasa da taba, masunta su samu kifi a tafkuna. Da aka tare ambaliyar, shinkafa ta ja baya, mutane suka koma gero da dawa, masunta da yawa suka yi ƙaura. A gonakin da aka yi niyyar shayarwa kuwa, injinan yayyafa ruwa da aka kafa da tsada sun daina aiki.

Daga 2014 shirin inganta noman rani na TRIMING, da rancen Bankin Duniya, ya shiga gyaran magudanan Bakolori. Yau da damina ke rikicewa, ana sake kiran a gina madatsu. Kafin a zuba siminti a kan wani gulbi, a fara zama da manoman fadama da masuntan da ke ƙasansa, a kuma biya diyya kafin ruwa ya taso.