Nuruddin Naibet da Mizanin Auna Ɗan Baya

Al'adar masu rubuta tarihin ƙwallon ƙafa ce su auna darajar ɗan wasa da adadin ƙwallayen da ya zura a raga, kuma wannan mizani, ko da yake yana da sauƙin lissafi, zalunci ne a kan mai tsaron baya, domin shi aikinsa hana aukuwar abu ne, abin da bai auku ba kuwa ba ya shiga kundi. Babu hujjar da ta fi bayyana wannan mas'ala kamar rayuwar wasa ta Nuruddin Naibet, mutumin Kasabalanka, wanda aka haifa a 1970.

Ya tashi a ƙungiyar Wydad ta garinsu, inda ya ci kofin zakarun Afirka a 1992, sa'an nan ya ratsa ta Nantes a Faransa da Sporting a Fotugal. Amma maƙasudin bahasinmu shi ne shekarun da ya yi a Deportivo La Coruña daga 1996 zuwa 2004, domin a can ne shaida ta tabbata. Ƙungiya ce ta wani gari na bakin teku a lardin Galisiya, wadda ba ta da dukiyar Real Madrid ko ta Barcelona, amma duk da haka, a ƙarƙashin jagorancin Javier Irureta, ta ɗauki kofin La Liga a 2000, abin da ba ta taɓa yi ba kafin nan, ba ta kuma sāke ba har yau. Kuma a 2002 ta shiga filin Bernabéu a ranar da Real Madrid ke bikin cika shekara 100 da kafuwa, ta doke ta 2 da 1, ta tafi da kofin Sarki, Naibet na tsaye a tsakiyar baya. Wanda masu horarwa suka damƙa wa wannan gurbi shekara takwas, a gasar da maharanta suka haɗa da Raúl da Rivaldo, ba ya bukatar wata shahada.

Mai musu zai ce, to, me ya kawo wa Maroko? Tambayar tana da fuska, gama wasa 115 ya buga wa ƙasarsa ba tare da kofi ba. Sai dai insafi ya wajabta a duba yadda abin ya kasance. A kofin duniya na 1998, yana kyaftin, sun lallasa Sikotilan 3 da nema, abin da ya fitar da su kuwa a wani fili dabam ya faru, inda Norwe ta ci Burazil da bugun fenareti gab da tashi. A 2004 sun doke Nijeriya 1 da nema a rukuni, suka kai wasan ƙarshe na kofin Afirka, Tunisiya mai masauki ta rinjaye su 2 da 1. Ba za mu wanke shi sarai ba, don jan katin da ya karɓa a wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Turai da Porto a wannan shekara ya raunana Deportivo a lokacin da ta fi bukatarsa. Zamansa a Tottenham kuwa, har zuwa 2006, jelar aiki ce kawai.

Abin lura shi ne, tun bayan Bwanga Tshimen na Zayar a 1973 ba a sāke naɗa ɗan baya gwarzon Afirka ba sai Ashraf Hakimi a 2025, shi ma kuwa, in za a faɗi gaskiya, hare-harensa ne suka ja hankalin alƙalai. Hukuncinmu shi ne, rashin wannan lamba a hannun Naibet aibin mizanin ne, ba nasa ba.